Me ake nufi da "Open to Work" a LinkedIn, kuma dole ne sai an saka koren zoben nan?

Duk wanda yake shiga LinkedIn, wato dandalin intanet na ma'aikata da masu neman aiki, ya saba ganin hotunan mutane da wani koren zobe ya zagaye gefen ƙasa na hoton, an rubuta #OpenToWork a jiki. Ma'anarsa a takaice shi ne mai wannan shafin yana neman aiki, ƙofa a buɗe take, duk mai gurbi ya yi masa magana. To amma abin da na lura yawancin mutanenmu ba su sani ba shi ne wannan tsarin kashi biyu ne, akwai na fili wanda shi ne zoben da kowa yake gani, akwai kuma na ɓoye wanda ba wanda zai gani sai masu ɗaukar ma'aikata, kuma rashin sanin na biyun nan ya sa mutane da yawa sun haƙura da abin gaba ɗaya, wai su ba za su tallata wa duniya cewa ba su da aiki ba.

Shi LinkedIn ɗin kansa an buɗe shi ne a watan Mayun 2003 a Amurka, Reid Hoffman na cikin waɗanda suka kafa shi, daga baya Microsoft suka saye shi a 2016 a kan dala biliyan 26.2, kuma zuwa ƙarshen 2023 masu rajista sun haura biliyan ɗaya. Na ɓoyen ma shi ya riga zuwa, tun 2016 aka fito da shi da sunan Open Candidates. Koren zoben sai a 2020 ya zo, lokacin korona da aka yi ta sallamar ma'aikata a ko'ina, mutane suna buƙatar hanyar da za su ce wa abokansu da tsofaffin abokan aikinsu ku taimaka in kun ji labarin gurbi.

Yadda ake kunnawa ba wuya. Ka shiga shafinka, a ƙasan sunanka akwai wani maɓalli da aka rubuta "Open to", in ka danna sai ka zaɓi neman sabon aiki. Zai tambaye ka irin muƙamin da kake nema, kana iya saka har guda biyar, sai garuruwan da za ka iya aiki, sai ko kana so a ofis ne ko daga gida ko haɗin gambiza, sai kuma ko na dindindin ne ko kwantiragi ko na wucin gadi ko na koyon aiki, da lokacin da za ka iya farawa. A can ƙasa ne tambayar da ta fi komai muhimmanci take, kuma ita ce wadda mutane suke wucewa da sauri: wa kake so ya gani? In ka zaɓi "All LinkedIn members" shi ne zoben zai hau hotonka, kowa zai gani har da oganka da abokan aikinka. In ka zaɓi "Recruiters only" hotonka zai zauna yadda yake, ba abin da zai canja a idon jama'a.

Bambancin kamar mai son sayar da gida ne, wani ya rubuta a jikin katanga da fenti cewa gidan nan na sayarwa ne, wani kuma ya kira dillali gefe ya faɗa masa a kunne.

Su waye dillalan a nan? Kamfanoni da ƙungiyoyi suna biyan kuɗi masu yawa su sayi wata manhaja ta daban mai suna LinkedIn Recruiter, wadda ni da kai masu asusun kyauta ba ma ganin cikinta. A ciki mai ɗaukar ma'aikata zai rubuta misali yana neman akanta a Kano ko Abuja mai shekara kaza a aiki, sunaye su fito masa rututu, sai ya tace ya ce a nuna masa waɗanda suka ce a shirye suke kawai, don ba ya son ɓata saƙonsa a kan wanda ba zai amsa ba, tunda saƙon nan da suke kira InMail ƙidayayye ne kuma da kuɗi ake samunsa. To in ba ka kunna komai ba, a wannan tacewar za a zubar da kai ko da ka fi kowa cancanta. Wannan shi ne ainihin amfanin abin, ba zoben ba.

Yanzu maganar sirri, don nan ne ya kamata mai aiki a hannu ya nutsu. LinkedIn sun ce suna ƙoƙarin ɓoye alamar daga masu ɗaukar ma'aikata na kamfanin da kake ciki yanzu, amma su da bakinsu sun ce ba za su iya ba da tabbacin cikakken sirri ba. Yadda suke yi shi ne suna kwatanta kamfanin da ka saka a shafinka a matsayin inda kake aiki da kamfanin da mai binciken yake, in suka zo ɗaya sai a ɓoye. Ka ga kenan in ka rubuta sunan wurin aikinka da hannu kawai ba ka zaɓo ainihin shafin kamfanin ba, wato tambarinsu bai fito a gefen sunan ba, to na'urar ba lallai ta gane cewa nan kake ba. Sannan in wurin aikinku sun ɗauki wani kamfani na waje yana nemo musu ma'aikata, shi wannan zai iya ganinka, kuma ba abin da zai hana magana ta zaga. Don haka kafin ka kunna ka fara gyara wannan, kuma ka shiga saitin ka kashe abin nan da yake sanar da mutane duk lokacin da ka canja wani abu a shafinka, in ba haka ba kana cikin gyare-gyare sai sanarwa ta tafi wa jama'a a fara yi maka murnar sabon matsayi alhali kwanan wata kawai ka gyara.

Shi kuma zoben na fili, ra'ayi ya rabu a kansa. Akwai masu ɗaukar ma'aikata musamman a Amurka da suka fito suka ce yana nuna kamar mutum ya matsu, wasu kuma suka ce sam, su yana sauƙaƙa musu ne. Ni dai a ganina wanda ya gama bautar ƙasa jiya, ko wanda kwantiraginsa da wata ƙungiya ya ƙare saboda kuɗin aikin ya tsaya, ba shi da abin ɓoyewa kuma ba abin kunya ba ne wallahi. Mu mun tashi da kunya, namiji ba ya son a san yana zaune, mace ma ba ta son a ce tana roƙo, amma sau nawa aiki yake zuwa ta hanyar wani da kuka yi aji ɗaya ya tuna da kai? In bai san kana nema ba ta yaya zai tuna? Wanda kuma yake da aiki yana son ya canja, ko babban ma'aikaci da yake son ya yi ciniki a kan albashi da ƙarfinsa, wannan na ɓoyen ya fi masa.

Sai dai zoben yana da wata illa da nake so a ji da kyau, yana jawo 'yan damfara. Kana sakawa za ka fara ganin saƙonni, wani ya ce shi wakilin wani kamfani ne a Dubai ko Kanada, albashi mai tsoka, ba intabiyu, kawai ka biya kuɗin fom ko na biza ko na horo, ko ya ce ku koma WhatsApp ko Telegram ku ƙarasa magana, ko ya ce CV ɗinka bai yi ba amma ya san wanda zai gyara maka a kan kuɗi kaza. Mai ɗaukar aiki na gaskiya ba ya karɓar kuɗi a hannun mai nema, kuma ba ruwansa da BVN ɗinka ko lambar da banki ya turo maka a waya. Akwai wani ɗan wuri da zai taimake ka a nan wanda ba kowa ya sani ba, an ƙara shi ne a 2022: ka shiga shafin mutumin, ka danna "More" ko ɗigo ukun nan, ka zaɓi "About this profile", zai nuna maka lokacin da aka buɗe asusun da lokacin da aka canja hoto da kuma ko ya tantance kansa da imel ɗin wurin aiki ko katin shaida. Mutumin da ya ce shekara goma yana ɗaukar ma'aikata amma asusunsa watan jiya aka buɗe, ka san inda ka ajiye shi.

Wani abin kuma, kunna Open to Work ba zai yi maka komai ba in shafinka fayau yake. Binciken nan da kalmomi yake aiki. Layin da yake ƙasan sunanka yana ɗaukar haruffa har 220, amma sai ka ga mutum ya rubuta shi ɗalibi ne ko mai neman aiki ne kawai ya tsaya, alhali ba wanda yake shiga ya rubuta yana neman "mai neman aiki", abin da ake rubutawa sunan sana'a ne da kayan aikinta, akanta, injiniyan ruwa, malamar jinya, Excel, QuickBooks, AutoCAD, sa ido da tantance ayyuka irin na ƙungiyoyin agaji. Ka buɗe tallan aiki uku ko huɗu irin wanda kake so, ka duba kalmomin da suke ta maimaitawa, waɗanda ka iya da gaske ka saka su a wannan layin da sashen ƙwarewa. Kuma don Allah a saka Hausa a sashen harsuna. Mutane suna raina wannan, alhali ƙungiyoyin da suke aiki a Borno da Yobe da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram, da kamfanonin fassara da masu tattara bayanan harshe, da sunan harshen suke bincike.

A cikin wannan maɓallin na "Open to" akwai wasu zaɓin ma. Akwai na masu ɗaukar aiki, su zobensu shunayya ne an rubuta #Hiring, in ka ga irinsu a fanninka to su ne mutanen da ya kamata ka bi. Akwai kuma na masu ba da hidima, wato wanda ba aikin wata yake nema ba, kwastoma yake nema, kamar mai fassara ko mai zanen tambari ko mai haɗa shafin intanet, zai buɗe ɗan shafi ya jera abin da yake yi, mutane su turo masa buƙata ko da ba su haɗu a matsayin abokai ba.

Tunda na ambaci abokai, ɗan lambar nan da kake gani a gefen suna, 1st ko 2nd ko 3rd, tana da ma'ana. Na farko wanda kuka karɓi juna ne, kana iya tura masa saƙo kyauta. Na biyu abokin abokinka ne, kuma LinkedIn zai nuna maka wa ya haɗa ku, wanda shi ne zai iya gabatar da kai. Na uku ya ƙara nisa da taki ɗaya. Iyakar abokai na farko 30,000 ne, amma da ka wuce 500 abin da mutane za su gani kawai 500+ ne, don haka tara jama'a barkatai ba ya ƙara maka komai, gara mutum ɗari biyu na fanninka.

Inda na fi so a duk dandalin kuwa shi ne sashen tsofaffin ɗalibai. Ka nemo shafin makarantarku, Jami'ar Bayero ce ko Ahmadu Bello ta Zariya ko Usmanu Danfodiyo ko Abdou Moumouni ta Yamai, ka danna "Alumni", zai baje maka waɗanda suka yi makarantar, inda suke zaune, inda suke aiki, abin da suka karanta, kuma kana iya tacewa da shekarun da suka yi. Sai ka ga ashe a ƙungiyar da kake ta aika takarda shiru akwai 'yan sashenku mutum uku. Ka tura buƙatar abota da ɗan gajeren bayani, ka gaisa, ka ce kai ɗan sashe kaza ne shekara kaza, kana son shawara a kan yadda ake shiga fannin, kar ka fara da "a taimaka min da aiki" a saƙon farko, kuma kar ka tura "Slm" kaɗai ka zauna jiran amsa, a nan mutane ba su da wannan lokacin.

Ga masu jin nauyin a ga sun leƙa shafin wani, e gaskiya ne LinkedIn yana gaya wa mutum wanda ya duba shi, amma a saitin ganuwa akwai zaɓi uku, ko a nuna sunanka, ko a nuna fanninka kawai ba suna, ko a ɓoye ka gaba ɗaya. Sharaɗin shi ne in asusunka na kyauta ne ka ɓoye kanka, kai ma za ka daina ganin masu duba ka. Mai neman aiki dai ni ina ganin gara ya bar sunansa a buɗe, don sau da yawa wanda ka leƙa shi ma zai leƙo ya ga waye.

'Yan uwa mata da suka ajiye aiki saboda haihuwa ko rainon yara ko jinyar iyaye, tun 2022 akwai wurin saka hutun aiki a jerin ayyukan da kika yi, ki zaɓi dalili ki saka shekarun, maimakon a ga giɓin shekara uku ba bayani a yi ta zato. Akwai kuma wurin naɗar murya na daƙiƙa 10 a manhajar waya inda za ka faɗi sunanka yadda ake furta shi, wanda yake da amfani sosai ga mai suna irin Ɗanjuma ko Ƙasimu ko Ɗayyaba da Turawa suke rikicewa a kai ranar intabiyu.

In ka kunna Open to Work ka riƙa leƙa akwatin saƙonka ko da sau biyu ne a sati, kuma ka amsa ko da aikin bai yi maka ba, ka ce na gode ba irinsa nake nema ba. LinkedIn suna lura, in suka ga masu ɗaukar ma'aikata suna ta turo maka saƙo ba ka amsawa za su aiko maka da imel su tambaya ko har yanzu kana nema, in ka yi shiru sai su cire alamar da kansu, ka zauna kana zaton tana nan alhali an daɗe da sauke ta. In kuma Allah Ya sa ka samu aikin, ka koma wurin da ka kunna ka goge ta da hannunka tun kafin ranar da za ka fara zuwa ofis.