Ma'aunin pH

Ma'aunin pH na'ura ce ta ɗakin gwajin sinadarai da ake auna ƙarfin tsami ko kaifin kanwa na ruwa da ita. Lambobinsa daga 0 zuwa 14 suke: 7 tsaka-tsaki, ƙasa da 7 tsami, sama da 7 ɓangaren kanwa. Kowane mataki ɗaya bambancin ninki goma ne a ƙarfin tsami. Ruwan tsamiya yana wajen 3.

Tarihi

Masanin sinadarai ɗan Denmak, Søren Sørensen, ya ƙirƙiro lissafin pH a 1909 a ɗakin gwaji na Carlsberg da ke Kofenhagen. Masana sun saɓa kan ma'anar harafin "p". A 1906 Max Cremer ya lura siririn gilashi da ya raba ruwa biyu masu bambancin tsami yana haifar da 'yar wutar lantarki, Fritz Haber da Zygmunt Klemensiewicz kuma suka ɗora aiki a kai a 1909. Sai dai wutar ta yi ƙanƙanta, karanta ta da wuya.

A 1934 Arnold Beckman, malami a jami'ar Caltech ta Amurka, ya warware wannan. Wani abokinsa da ke wa manoman lemo na Kalifoniya aiki ya rasa yadda zai auna tsamin ruwan lemo, Beckman ya haɗa masa akwati mai ƙara ƙarfin wutar. Abin burgewa, lemon tsami ne silar na'urar da yau kusan babu ɗakin gwajin da ba ta. An fara sayar da ita wajen 1935.

Aiki

Ana tsoma sandar gilashi mai ƙaramin kumburi a baki cikin ruwan, lamba ta fito. Kafin awo, dole a daidaita ta da ruwa mai sananniyar lamba, 4 da 7 ko 10. Bakin sandar ba ya son bushewa. A zafin Marwa ko Injamena, wanda ya bar ta ba murfi ya yi asara. Cikin ruwan wani gishiri mai suna fotasiyam kulorayid ake ajiye ta.

A Kamaru da Chadi

Da na'urar ake gwada ruwan rijiyar burtsatse, inda ake so ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5, da ƙasar noma, musamman fako mai kanwa da Fulani ke kira harde. Tafkunan kanwa na Kanem a Chadi, inda mata ke kwasar dihe, wani koren tsiron ruwa da ake ci, sukan kai wajen 10.

Mai girki ta san tushen ilimin tun kafin na'ura: ta jefa kanwa a yakuwa tsami ya mutu, ta sa ta a ruwan zoborodo jansa ya koma duhu.