Raguwar ƙarfin batirin jirgi maras matuƙi

Raguwar ƙarfin batir ita ce yadda batirin jirgi maras matuƙi, wanda ake kira dron, yake rage yawan wutar da yake iya riƙewa yayin da yake tsufa. Caja za ta nuna ya cika, amma jirgin ba zai daɗe a sama kamar da ba. Masu ɗaukar hoton biki da masu safiyon filaye a Jos cewa suke "batir ya daina riƙe caji". A al'adar masana, batirin da ya koma kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa na farko ya kai ƙarshen aikinsa.

Yawancin ƙananan jiragen nan da batirin litiyam suke tashi, musamman nau'in litiyam-folima da ake kira LiPo, dangin wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991. Kowane batir haɗin ƙananan batura ne da ake kira sel, galibi biyu zuwa shida. Sel ɗaya yana kaiwa bolt 4.2 idan ya cika, matsakaicinsa bolt 3.7, kuma barinsa ya faɗi ƙasa da bolt 3.0 yana yi masa illar da ba ta gyaruwa.

Abin da ke faruwa a ciki

Lokacin caji, ƙwayoyin litiyam suna ratsa ruwan batir su shige cikin girafait, wani nau'in gawayi da ke ɓangare ɗaya na batirin. Lokacin tashi kuma su komo. Ba dukansu ke komowa ba. Wasu suna haɗuwa da ruwan su zama wani siririn ɓawo a fuskar girafait ɗin. Ɓawon yana da amfani da farko, don yana kare ruwan daga ruɓewa, sai dai ba ya daina kauri, kuma duk litiyam ɗin da ya ci ya tafi ke nan. Kaurinsa yana kuma tare wa wuta hanya, shi ya sa tsohon batir yake saurin zafi, ƙarfinsa ya faɗi farat ɗaya idan jirgi ya yunƙura sama ko ya fuskanci iska.

Caji da ajiya

Ƙa'idar da aka saba ita ce 1C, wato batir mai 5,000 mAh (ma'aunin yawan wutar da yake ɗauka) a ba shi amfiya 5, ya cika cikin kusan awa ɗaya. Idan aka matsa masa fiye da kima, ko aka yi masa caji cikin tsananin sanyi, litiyam ba ya samun shiga girafait, sai ya daskare a kansa a matsayin ƙarfe. Wannan yana cin ƙarfi, kuma yana iya huda shamakin ciki har wuta ta tashi. Jona batir a caja da zafinsa, jirgi na sauka, shi ma yana gaggauta lalacewa. Kamfanin DJI, mai ƙera irin waɗannan jirage, ya ƙayyade cajin yawancin baturansa tsakanin digiri 5 da 40 a ma'aunin Salsiyos.

Amma ɓarnar da ta fi yawa ba a sama take faruwa ba, a cikin jaka take faruwa. Batirin da aka ajiye a cike yana tsufa ko ba a taɓa shi ba, zafi kuma yana ƙara masa sauri. A nan rashin tabbas na wutar lantarki yake shigowa: da an kawo wuta, kowa sai ya cika duk abin da ke gida, don ba a san ranar dawowarta ba. Dabara ce mai kyau ga fitila, ga LiPo kuwa guba ce, balle a bar shi mako guda a bayan mota yana jiran biki. Matakin ajiya shi ne kimanin bolt 3.8 a kowane sel, kusan rabin caji. Saboda haka ne baturan DJI suke sauke kansu zuwa wajen kashi 60 bayan wasu kwanaki, abin da sabon mai jirgi kan ɗauka lalacewa ce.

Yanayin Jos

Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, inda kaurin iska ya gaza na bakin teku da kimanin kashi ɗaya cikin goma. Dole farfela ta ƙara gudu kafin ta ɗaga jirgi, batir kuma ya ƙara zubar da wuta. Da asubahin hunturu, a Disamba da Janairu, sanyi yana sa batir kasala, ya nuna ya ƙare da wuri. Wannan kasalar ta ɗan lokaci ce, da ya ɗumama take wucewa, don haka masu tashi a Duwatsun Shere ko kan tafkunan tsofaffin ramukan kuza suke sa batir a aljihu kafin aiki. Sanyin garin kuwa alheri ne wajen ajiya, idan aka kwatanta da zafin Abuja na watan Maris.

Alamomin tsufa

Babbar alama ita ce kumburi, wanda iskar da ruɓaɓɓen ruwan batir ke fitarwa take jawowa. Akwai kuma sel ɗaya da ke baya da 'yan'uwansa, wanda shi yake yanke wa batirin gaba ɗaya lokacin tashi. Batirin da ya kumbura ba a danne shi, ba a huda shi. Ana sauke wutarsa gaba ɗaya, a ajiye shi cikin bokitin yashi nesa da fetur ɗin janareta, kafin a kai shi inda ake karɓar matattun batura.