Domestik: mahayin da ake biya don wani ya ci tsere

Duk wanda ya zauna kallon tseren keke na Turai, musamman gasar Tour de France da ake yi kowane watan Yuli, ba zai daɗe ba zai ji masu sharhi suna nanata kalmar domestik. A nan Legas ma ta shiga bakin masu hawan keke. In an ga wani yana yawan ɗauko wa abokan tafiya ruwa, sai a ce ga domestik ɗinmu. Da yawa suna faɗarta da sigar raini, alhali wanda bai san aikin wannan mutum ba, ba zai gane yadda ake cin tsere ba, balle ya gane yadda ake raba kuɗinsa.

Kalmar ta Faransanci ce, asalin ma'anarta bara ko mai hidimar gida. A tseren keke kuwa, domestik shi ne mahayin da tawaga ta ɗauka aiki don ya yi wa jagoranta hidima a kan hanya. A Tour de France kowace tawaga tana shiga da mahaya 8. Galibi ɗaya ne ake sa ran zai ci, wani lokaci biyu. Sauran duk ƙarfinsu na mako uku, zango 21, tafiyar da ta haura kilomita 3,000, a kan wannan mutum ɗaya zai ƙare.

Da zagi kalmar ta fara. A 1911, Henri Desgrange, mutumin da ya kafa gasar a 1903, ya jefi wani mahayi mai suna Maurice Brocco da ita, saboda Brocco ya ga ba shi da sauran damar ci, sai ya koma yana taimakon wani don a biya shi. A lokacin dokar gasar ita ce kowa tasa ta fisshe shi. Daga baya abin da Desgrange ya ƙyamata ya zama ginshiƙin wasan baki ɗaya.

Dalilin kuwa iska ce. Wanda ya taɓa hawa gadar Lekki zuwa Ikoyi da sassafe, iskar ruwa tana dukan ƙirjinsa, ya san ba nauyin keke ne ke gajiyar da mutum ba. A shimfiɗaɗɗen titi, in gudu ya kai kilomita 40 a awa, kusan duk ƙarfin ƙafar mahayi wajen keta iska yake tafiya. Wanda ya laɓe a bayan wani, tayarsa ta gaba dab da tayar bayan na gabansa, yana rage wa kansa kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar. Wanda yake can tsakiyar ayari, mutane gaba da baya da gefe, ragin da yake samu ya fi haka nesa ba kusa ba. Wannan ne ma yake ruɗar wasu yaranmu su manne a bayan motar BRT ko tirela a kan titin Ikorodu, abin da nake roƙon kowa ya daina, domin direba bai san da kai ba, birki ɗaya ya isa.

To babban aikin domestik shi ne ya sha iskar nan a madadin jagora. Yana gaba awa uku, awa huɗu, jagora yana bayansa yana ajiye ƙarfi don kilomita goman ƙarshe. In wasu sun ɓalle daga ayari sun yi nisa, domestik ne za a ce ya ja ayarin har a kamo su. In an doshi kwana mai haɗari ko siririyar hanya, shi zai kutsa ya buɗe wa jagora wuri a sahun gaba, inda ba a cika faɗuwa ba.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce aka fi gani a talabijin. Mahayi zai ɗaga hannu, ya saki ayari ya koma baya inda motar tawaga take. Daga tagar mota ake miƙo masa gorunan ruwa ɗaya bayan ɗaya. Biyu a jikin keke, wasu a aljihu uku da ke bayan rigarsa, sauran ya cusa ta wuyan riga har bayansa ya yi tozo. Kowace gora rabin lita ce, don haka mai ɗauke da takwas ya ƙara wa kansa kilo huɗu. Da wannan kaya zai sake taka feda ya ratsa mutum fiye da ɗari da hamsin, a gudun da mota ke yi cikin gari, ya bi abokansa ɗaya-ɗaya yana rabawa. A ranar zafi sai ya yi wannan zirga-zirga sau da yawa, kuma ba wanda zai rage gudu don ya jira shi.

In tayar jagora ta yi faci kuma motar tawaga tana nesa, domestik zai sauka ya ba shi tayarsa, ko keken gaba ɗaya, shi ya tsaya a bakin hanya yana jira. Labarin da Faransawa ba sa mantawa shi ne na René Vietto a 1934. Yaro ne ɗan shekara 20, yana cin zango-zango a kan duwatsu, kowa ya ga alamar zakara. Jagoransa Antonin Magne ya faɗi, tayarsa ta lalace, Vietto ya cire tasa ya ba shi. Washegari Magne ya sake samun matsala, Vietto yana gaba, ya juyo da baya ya hau dutsen da ya riga ya sauko, ya miƙa masa kekensa. Magne ne ya ci gasar shekarar. Vietto har ya bar wasan bai taɓa cin Tour de France ba.

Su ma domestik iri-iri ne. Akwai na shimfiɗaɗɗiyar hanya, ƙarfafa masu jiki. Akwai na hawan dutse, sirara, waɗanda ke raka jagora har kusa da ƙololuwa. Akwai kuma masu share wa ɗan gudun ƙarshe hanya, su ja shi da gudun da ya haura kilomita 60 a awa, sai saura mita ɗari biyu su kauce ya wuce. Mark Cavendish na Birtaniya, wanda ya kafa tarihin cin zango 35 a 2024 ya wuce 34 na Eddy Merckx, da yawa daga cikin nasarorinsa a bayan irin su Mark Renshaw ya same su.

A kan kuɗi ne gardama ta fi zafi. Wata Asabar bayan mun sauka daga keke, a teburin mai shayi a Obalende, wani matashi ɗan kasuwar Mile 12 ya dubi wani dattijo da ya daɗe yana gyaran keke a Agege ya ce, "Haba Baba, mutum ya yi mako uku yana ƙona cinyarsa, wani ya sa riga ya karɓe kuɗin? Ni wallahi ba da ni ba." Dattijon ya ajiye kofinsa ya ce, "Yaro, wa ya gaya maka shi kaɗai yake ci? Ko a farauta, wanda ya harbi nama ba ya hana masu kora rabonsu."

Gaskiyar dattijon ce. Wanda ya ci Tour de France yana samun Yuro 500,000, na biyu 200,000, na uku 100,000. Cin zango ɗaya Yuro 11,000 ne. Jimillar kyautar gasar duka ba ta wuce kimanin Yuro miliyan 2.3 ba. Daɗaɗɗiyar al'ada ita ce duk abin da mahayan tawaga suka ciwo a zuba shi asusu ɗaya, a raba tsakanin mahaya, a kuma fitar wa makanikai da masu tausa da direbobi nasu. Sau da yawa zakaran ma ba ya ɗaukar komai daga ciki, don ya san nasarar za ta ɗaga albashinsa da kuɗin talla fiye da abin da ya bari.

Amma matashin ma bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, kuma a nan ni ina tare da shi. Kuɗin kyautar kaɗan ne in aka dubi wahalar. Wanda ya ci gasar tanis ta Wimbledon a 2025 ya tafi da Fam miliyan 3, bayan wasa bakwai. A keke, rabin miliyan ne za a kasa wa mutum fiye da ashirin. Dalili shi ne tseren titi ba shi da kuɗin ƙofa, kowa ya zo bakin hanya ya kalla kyauta, kuɗin talabijin kuma yana hannun kamfanin ASO mai shirya gasar. Tawagogi da kuɗin masu talla suke rayuwa, shi ya sa sunan kowace tawaga sunan kamfani ne ko na ƙasa, kuma ranar da mai talla ya janye, sai mahaya su shiga neman aiki. Abincin domestik albashinsa ne. Mafi ƙarancin albashi a rukunin ƙoli ya ɗan haura Yuro 40,000 a shekara, manyan taurari kuma suna karɓar miliyoyi. In ka juya 40,000 zuwa naira za ka ce ai ya warke, amma ka tuna sana'a ce da ba kasafai take wuce shekara goma zuwa sha biyar ba, kwantiragi na shekara ɗaya ko biyu, ga karayar ƙashin wuya da ta zama ruwan dare. Wannan tazara ta yi yawa, ganin cewa ba zakaran zamanin nan da ya isa Paris, inda gasar ta saba ƙarewa, ba tare da su ba.

Kada kuma a ɗauka domestik rago ne da ya kasa. Chris Froome, haifaffen Nairobi, hidima ya yi wa Bradley Wiggins a 2012 ya zo na biyu, sannan ya ci gasar sau huɗu, a 2013, 2015, 2016 da 2017. A 2022 Wout van Aert na Beljiyam, yana sanye da koriyar rigar wanda ya fi maki, ya ja Jonas Vingegaard a hawan dutsen Hautacam har babban abokin hamayyarsu Tadej Pogačar ya kasa binsu. Sepp Kuss ɗan Amurka ya taimaki Primož Roglič ya ci gasar Italiya a 2023, ya taimaki Vingegaard ya ci ta Faransa, sannan shi da kansa ya ci ta Sifen a shekarar, mutanen biyu da ya yi wa hidima suna biye da shi a matsayi na biyu da na uku.

Wannan ya kawo ni kan kayan hawa. Mu a nan kowa rigar rawaya yake nema a gwanjon Yaba ko Katangowa, rigar da aka fara sa wa mai jagorantar gasar a 1919. Wasu tsofaffin mahaya suna ganin rashin ta ido ne mutum ya sa rigar da bai ciwo ba. Ni ban ɗauki abin da zafi haka ba, a titin Legas ma launi mai haske yana sa direba ya hango ka. Abin da ke damuna shi ne in ga mai rigar zakara da kai a buɗe. Ƙwararru kansu sai da Andrei Kivilev ɗan Kazakistan ya faɗi ya rasu a gasar Paris-Nice a 2003 kafin UCI, hukumar tseren keke ta duniya, ta wajabta hular kwano. Hula ce farko, sai wando mai soso, sai riga mai aljihun baya da za ta ɗauki ruwa da dabino da tiyub na ko-ta-kwana, naka da na wanda ke bayanka. Keken ƙwararru da doka ta hana ya gaza kilo 6.8, wanda kuɗinsa ke haura Yuro 10,000, ba shi ne zai hana ka gajiya ba. Mutum shida masu kekunan ƙarfe da suka iya karɓa-karɓar shan iska za su bar mai keke mai tsada shi kaɗai a baya.

Nan ne nake ganin giɓinmu a Najeriya. Kullum fatanmu a samu tauraro ɗaya. Ese Ukpeseraye ta kai mu gasar Olamfik ta Paris a 2024, karo na farko da Najeriya ta shiga tseren keke a can, amma ita kaɗai ce, har keken tseren fili sai da tawagar Jamus ta ara mata. Biniam Girmay na Eritiriya da ya ci zango 3 da koriyar riga a Tour de France ta 2024, yana da tawaga cikakkiya da ke kai shi inda zai saki gudu. Burkina Faso tana shirya Tour du Faso tun 1987, Ruwanda ta karɓi gasar duniya a Kigali a Satumbar 2025, karo na farko a Afirka. A irin waɗannan gasanni na kwanaki ne yara ke koyon aikin tawaga. Kuma mahayin Afirka da zai samu kwantiragi a Turai, kusan kullum ta ƙofar hidima zai shiga, sai ya nuna zai iya ɗauko ruwa da jan ayari kafin a ba shi dama.

In Yuli ya zo, kada ka jira sai kilomitan ƙarshe ka kunna talabijin. Kalli lokacin da saura kilomita 60, ka lura da masu riga iri ɗaya da suka jeru a gaban ayari. Za ka ga na farko ya ja har bakinsa ya buɗe, sannan ya kauce gefe, gudunsa ya faɗi, ayari ya wuce shi. Aikinsa na ranar ya ƙare, amma tafiyarsa da saura, domin kowane zango yana da wa'adin lokaci da ake lissafawa daga lokacin wanda ya ci. In ya wuce wa'adin za a cire shi daga gasar, jagoransa ya tashi gobe da mataimaki shida maimakon bakwai.