Izinin Ɗaukaka Ƙara: Kwana 14 Ɗin da Ke Kayar da Mutanenmu a Legas

Da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu na Mile 12 da Agege sun ɗauka cewa duk hukuncin da bai yi maka daɗi ba, sai kawai ka ce wa lauya "mu je gaba". A shari'ar da ba ta laifi ba, wato ta bashi, haya, fili ko kwangila, ba kullum ƙofar ke buɗe ba. Wani lokaci sai ka nemi izini tukuna.

Sashe na 241 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya jera inda ba a buƙatar izini kafin a ɗaukaka ƙara daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Babba a ciki shi ne hukuncin ƙarshe na Babbar Kotu, idan a gabanta shari'ar ta fara. Haka nan idan ƙorafinka kan doka ne zalla, ko fassarar Tsarin Mulki, ko an ba da umarnin hana wani abu ko an ƙi bayarwa. Abin da bai shiga wannan jeri ba, sashe na 242 ya ce sai da izinin Babbar Kotun ko na Kotun Ɗaukaka Ƙara.

A nan ne ake yawan tuntuɓe. A ce mai rumfa ya kai ka Kotun Majistare kan kuɗin haya, ka sha kaye, ka tafi Babbar Kotu a Ikeja, can ma aka tabbatar da hukuncin. To, ba a Ikeja shari'ar ta fara ba. Idan kukanka shi ne alƙali bai auna maganar shaidunka da rasit ɗin da ka miƙa yadda ya kamata ba, wannan batun hujja ne, ba doka zalla ba, don haka sai da izini. Haka hukuncin da kuka amince da shi ku biyu, da wanda ya shafi kuɗin ɗawainiyar shari'a kaɗai. Wanda ba ya cikin shari'ar amma hukuncin ya taɓa shi, kamar ɗan'uwa mai kaso a filin gado, shi ma sashe na 243 ya ce ya nemi izini.

Raba doka da hujja aiki ne da ke wahalar da lauyoyi kansu. Rubuta "kuskuren doka" a saman takarda ba ya wadatarwa, alƙalai abin da ke ciki suke karantawa. In izini ya wajaba ba a nema ba, za a kori ƙarar ba tare da an ko duba gaskiyarka ba, kuɗin lauya da na zirga-zirga zuwa Igbosere, inda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Legas take, sun tafi a banza.

Sai lokaci, wanda shi ya fi damuna. Sashe na 24 na Dokar Kotun Ɗaukaka Ƙara ya ba da wata uku ga hukuncin ƙarshe, amma kwana 14 kacal ga hukuncin da aka yanke a tsakiyar shari'a. Mutum ya tafi gida Kano ko Sakkwato biki ko ta'aziyya, kafin motar dare ta dawo da shi wa'adi ya cika.

A ƙa'ida kotun da ta yi hukuncin ake fara roƙa. Lauya zai shigar da takardar roƙo, da takardar rantsuwa, da kwafin hukuncin mai hatimin kotu, da dalilan da yake shirin dogara da su. In ta ƙi, akwai kwana 15 na sake roƙo a Kotun Ɗaukaka Ƙara.

Idan wa'adi ya wuce, Babbar Kotu ba ta da ikon ƙara maka lokaci. Sai Kotun Ɗaukaka Ƙara, kuma abu uku ake roƙo a takarda ɗaya: ƙarin lokacin neman izini, izinin kansa, da ƙarin lokacin shigar da ƙarar. Dole ka kawo dalili mai ƙarfi na jinkirin, ka kuma nuna ƙorafin naka yana da ƙafar tsayawa.

Shigar da ɗaukaka ƙara kuma ba ya hana a zartar da hukunci. In ana shirin kwashe maka kaya daga rumfa, sai lauya ya shigar da roƙo na daban na dakatar da zartarwa. Saboda haka ranar da alƙali ya karanta hukunci, tun kafin ku bar harabar kotu, ka tambayi lauyanka: "Barista, wannan na ƙarshe ne ko na tsakiya, kuma muna buƙatar izini?" A ranar kuma ku nemi kwafin hukuncin a ofishin magatakarda.