Me ya sa ɗan takarar alƙali a Amurka yake ƙin faɗin yadda zai yanke hukunci?

Tun bayan zaɓen alƙalin kotun ƙolin jihar Wisconsin na ranar 1 ga Afrilun 2025, maganganu biyu suke ta yawo a zaurukan WhatsApp na mutanenmu, musamman waɗanda suka samu takardar zama 'yan ƙasa a Amurka suka fara jefa ƙuri'a. Ta farko, wai a can kujerar alƙali ta zama haja, mai kuɗi shi ke ɗauka. Ta biyu, wai duk ɗan takarar da aka tambaya ina ya dosa kan zubar da ciki ko mallakar bindiga, ya ce ba zai yi magana kan shari'ar da ka iya zuwa gabansa ba, to akwai lauje cikin naɗi. Maganar farko tana da ƙamshin gaskiya, za mu zo kanta. Ta biyun kuwa rashin sanin doka ne, kuma ita ce take sa mutum ya juya wa ɗan takara nagari baya, ya rungumi mai baki.

Ga wanda ya taso a Najeriya, zaɓen alƙali da ƙuri'a abu ne bambaraƙwai. Mu abin da muka sani, hukumar NJC ta ba da suna, shugaban ƙasa ko gwamna ya naɗa. A Amurka ma alƙalan tarayya naɗa su ake yi, kuma ba su da wa'adi. Amma kowace jiha tana da nata kotunan, da nata tsarin, kuma jihohi 39 suna zaɓen aƙalla wasu daga cikin alƙalansu. A Texas da North Carolina ana rubuta jam'iyyar ɗan takara kusa da sunansa. Ohio ma ta koma haka tun 2022 ga kotunan ɗaukaka ƙara da kotun ƙolinta. A Wisconsin da Minnesota ba a rubutawa. Wasu jihohin suna bin tsarin da Missouri ta ƙirƙiro a 1940: kwamiti ya tace sunaye, gwamna ya naɗa, bayan wani lokaci a tambayi jama'a ya ci gaba ko ya sauka. 'Yan uwanmu na Bronx su lura, abin da ake kira Kotun Ƙoli a New York kotun matakin farko ce, kuma ita ake zaɓa. Babbar kotun jihar gwamna ne yake naɗa alƙalanta.

Duk inda ake zaɓen, akwai ka'idar ɗa'a da ke taƙaita abin da ɗan takara zai faɗa. Ta hau kan alƙali mai ci da ke neman komawa, da lauyan da ke neman kujerar a karon farko, da kwamitin yaƙin neman zaɓensu.

To, me ta hana? Kusan kowace jiha ta ɗauki kundin ɗa'ar alƙalai na ƙungiyar lauyoyin Amurka ta gyara shi yadda ya dace da ita. Sashen da ke rikita mutane yana cewa ɗan takara kada ya yi alkawari, ko ya ɗaure kansa, kan wata shari'a ko wani batu da ake ganin zai iya zuwa gaban kotun, ta hanyar da ta saɓa wa yin adalci ba tare da son kai ba. A lura da kalmar: alkawari. Ba a ce ra'ayi ba.

Da can har ra'ayin ma an hana. A Minnesota akwai ka'idar da ta haramta wa ɗan takara bayyana ra'ayinsa kan duk wani batun doka ko siyasa da ake taƙaddama a kai. Wani lauya, Gregory Wersal, da ya nemi kujerar kotun ƙolin jihar, ya ƙalubalance ta tare da jam'iyyar Republican ta jihar. A 2002 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai biyar kan huɗu, ta soke wannan ka'ida, ta ce ta tauye 'yancin faɗin albarkacin baki. Hujjarta mai sauƙi ce: idan jiha ta zaɓi ta yi zaɓe, ba za ta toshe bakin 'yan takara ta bar masu ƙuri'a cikin duhu ba. Amma kotun ba ta taɓa sashen alkawari ba, yana nan daram.

Saboda haka ɗan takara yana iya cewa shi a zuciyarsa bai yarda da hukuncin kisa ba. Abin da ba zai iya cewa ba shi ne, ku zaɓe ni, duk hukuncin kisan da ya zo gabana sai na rushe shi. Ka ɗauka kai ne ka ɗaukaka ƙara, sai ka tarar da ɗaya daga cikin alƙalai ukun da za su duba ta ya riga ya rantse a gaban taro cewa irin ƙararka ba za ta yi nasara a hannunsa ba. Me lauyanka zai faɗa kuma? An yanka ta tashi. Wannan shi ne abin da dokar take karewa, kuma kai take karewa, ba alƙalin ba.

Sai dai layin da ke tsakanin ra'ayi da alkawari siriri ne kamar silin gashi, kuma 'yan takara sun iya taka shi. A 2023 Janet Protasiewicz, da take neman kotun ƙolin Wisconsin, ta fito fili ta ce an yi maguɗi wajen zana taswirar mazaɓun jihar, ta kuma ce tana goyon bayan 'yancin mace kan zubar da ciki. Ta ce waɗannan aƙidunta ne, ba alkawari ba. Aka kai ƙorafi hukumar ladabtar da alƙalai, hukumar ta yi watsi da shi. Ta ci zaɓe, 'yan majalisar Republican suka yi barazanar tsige ta in ba ta janye daga shari'ar taswirar ba, ta ƙi janyewa, kuma a Disambar shekarar kotun ta soke taswirar da rinjayen huɗu kan uku, har da ƙuri'arta. A takarda ba ta karya doka ba. Amma ni dai ban ga mai ƙuri'ar da ya ji jawabinta ya kasa gane inda za ta faɗi ba. Nan ne dokar take da rauni: tana matse mai kunya, ta bar mai dabara.

Hukuncin karya ka'idar ba ɗauri ba ne, kamar yadda wasu ke yaɗawa. Ladabtarwa ce ta sana'a: gargaɗi a asirce, tsawatarwa a bainar jama'a, dakatarwa, a mafi tsanani cirewa daga kujera, lauya kuma yana iya rasa lasisinsa na wani lokaci. Misali mafi shahara bai ma shafi alkawari ba, ya shafi roƙon kuɗi. Lanell Williams-Yulee ta nemi kujerar alƙali a Florida, ta sa hannu da kanta a wasiƙar neman gudummawa, alhali ka'idar jihar ta ce kwamiti ne kaɗai zai roƙa, ba ɗan takara ba. Aka tsawatar mata a fili, aka sa ta biya kuɗin shari'a da bai kai dala dubu biyu ba. Ta kai har Kotun Ƙolin Amurka, a 2015 ta sha kaye, biyar da huɗu. Alƙalin alƙalai John Roberts ya rubuta cewa alƙalai ba 'yan siyasa ba ne, ko da ta akwatin zaɓe suka hau kujera. Abin dariyar shi ne, ka'idar ta yarda ɗan takara ya san wanda ya bayar, har ya rubuta masa wasiƙar godiya.

Yanzu batun kuɗi. Gaskiya ne an kashe sama da dala miliyan 100 a zaɓen Wisconsin na 2025, abin da ba a taɓa gani ba a zaɓen alƙali a ƙasar. Gaskiya ne Elon Musk da ƙungiyoyinsa sun zuba fiye da miliyan 20 don ɗan takara Brad Schimel, har Musk ya ba mutum biyu cekin dala miliyan ɗaya kowannensu a birnin Green Bay na jihar. Abin da masu yaɗa labarin suke mantawa shi ne Schimel ya faɗi, Susan Crawford ta kayar da shi da tazarar kusan kashi goma cikin ɗari, kuma ita ma attajirai sun mara mata baya. Yawancin irin wannan kuɗi ba ya shiga hannun ɗan takara. Ƙungiyoyi masu zaman kansu ne suke kashe shi a talla, kuma ka'idar ɗa'ar alƙalai ba ta isa gare su ba.

To da me za ka auna ɗan takara, tunda ba zai yi maka alkawari ba? Ka fara da sanin aikin. Alƙalin ɗaukaka ƙara ba ya sauraron shaidu, ba ya zama da masu taya alƙali yanke hukunci. Yana karanta kundin shari'ar da aka riga aka yi, ya saurari lauyoyi, ya duba ko alƙalin ƙasa ya yi kuskuren doka, sannan ya rubuta dalilansa, kuma abin da ya rubuta yana ɗaure kotunan da ke ƙarƙashinsa. Shi ya sa tallan da ke cewa wane zai murƙushe masu laifi ba ya gaya maka komai kan wannan kujera. Idan alƙali ne mai ci, hukunce-hukuncensa suna nan a intanet kyauta. Karanta biyu ko uku, ka ga ko yana amsa hujjar wanda ya faɗi ko tsallake ta yake yi, ka ga ko ya taɓa yanke hukuncin da ɓangarensa ba ya so. A Colorado da Arizona da Alaska da Utah akwai hukumomin da ke auna aikin alƙalai su wallafa sakamakon kafin zaɓe. Ƙungiyoyin lauyoyi ma suna ba da maki a jihohi da dama, sai dai ka tuna su ma 'yan adam ne, a gaban waɗannan alƙalan suke cin abinci.

Tambaya ɗaya kuma da doka ba ta hana shi amsawa ba: idan wanda ya kashe maka kuɗi mai yawa ya zo gabanka, za ka janye? Ba tambayar banza ba ce. A West Virginia kotu ta ci kamfanin kwal na Massey tarar dala miliyan 50 a 2002. Shugaban kamfanin, Don Blankenship, ya kashe kimanin miliyan uku a zaɓen 2004 don Brent Benjamin ya shiga kotun ƙolin jihar. Benjamin ya shiga, ya ƙi janyewa daga ƙarar, aka soke tarar da uku kan biyu. A 2009 Kotun Ƙolin Amurka ta ce wannan ya wuce gona da iri, tilas ya janye, amma ta jaddada cewa a yanayi mai tsanani irin wannan kaɗai tsarin mulki yake tilastawa. Sauran ta bar wa jihohi, kuma a Wisconsin ka'idar da kotun ƙoli ta amince da ita tun 2010 ta ce gudummawar zaɓe ita kaɗai ba ta wajabta wa alƙali janyewa ba. A can West Virginia kuwa, da aka sake sauraron ƙarar babu Benjamin, Massey ne ya sake yin nasara, huɗu da ɗaya.