Gasar Harbi da Bindigar Hannu ta Iska a Mita 10: Shiri da Tafiya

Harbi da bindigar hannu ta iska a tazarar mita 10 wasa ne na gwada saiti da natsuwa, ana yin sa a rufaffen zaure. Maharbi yana tsayawa da ƙafafunsa, ya miƙa bindiga da hannu ɗaya ba tare da ya jingina da komai ba, ya aika ƙaramin harsashin darma zuwa allo. Babu albarushi a cikin wannan bindiga, matsattsiyar iska ce ke tura harsashin. A Saudiyya, inda zuriyar Hausawa ta daɗe da zama a Makka da Madina da Jidda, ana ce wa wasan rimaya, bindigar kuma musaddas hawa'i. Duk wahalar wasan tana wuri ɗaya: mutum ya maimaita aiki iri ɗaya sau 60 ba bambanci, a zauren da bai saba da shi ba, bayan tafiya ta taɓa barcinsa da cimarsa da kayan aikinsa. Shi ya sa masu horarwa ke lissafa shiri da tafiya cikin gasar kanta.

Asali da hukumomi

Hukumar wasan harbi ta duniya, ISSF, wadda aka kafa a 1907 kuma hedikwatarta ke Munich a Jamus, ita ce ke tsara dokokin wasan. Ya shiga gasar Olamfik a Seoul a 1988, inda Tanyu Kiryakov na Bulgeriya ya ci zinaren maza, Jasna Šekarić ta Yugoslabiya ta ci na mata. Da can mata harbi 40 suke yi, sai a 2018 aka daidaita su da maza a kan 60. Bajintar duniya ta maza a zagayen neman gurbi ita ce maki 594 cikin 600, wadda Jin Jong-oh na Koriya ta Kudu ya kafa a 2009. A gasar Paris ta 2024 Xie Yu na Sin da Oh Ye-jin ta Koriya ta Kudu ne suka ɗauki zinare. A nan ne kuma Yusuf Dikeç na Turkiyya, mai shekara 51, ya ja hankalin duniya da ya tsaya hannu ɗaya a aljihu ya ci azurfa a gasar haɗin mace da namiji. Sa hannu a aljihu tsohuwar al'ada ce a wasan, domin hannun da ba ya aiki ya daina lilo ya bar jiki ya tsaya.

A Saudiyya, Hukumar Harbi ta ƙasar, wato Ittihadus Sa'udi lir-Rimaya, ita ke shirya gasanni da zaɓen tawaga, kuma tana cikin ƙungiyar harbi ta nahiyar Asiya mai hedikwata a Kuwaiti. Atallah Al-Anazi ya wakilci ƙasar a wannan fanni a gasar Olamfik ta Rio a 2016. Dangin Hausawi sun fi yin suna a ƙwallon ƙafa, kamar Usama Hausawi da ya riƙe kyaftin na tawagar ƙasar, amma harbi wasa ne da ba ya neman gudu ko ƙuruciya, kuma ƙofarsa buɗe take ga ɗalibi da ma'aikaci, mace da namiji.

Bindiga da allo

Faɗin harsashi milimita 4.5 ne, nauyinsa kusan rabin giram, kansa a baje yake domin ya huda takarda huji mai tsabta. Yana fita da gudun kusan mita 150 a daƙiƙa. Doka ta ce bindiga kada ta wuce giram 1,500, ta kuma shige cikin akwatin awo mai tsawon milimita 420, faɗi 200, zurfi 50. Kunamarta dole ta iya ɗaga nauyin giram 500 ba ta tashi ba. Ba a yarda da madubin ƙara girma ko hasken leza ba. Da tsinin gaba da tsagar baya kawai ake saiti. Mariƙin na katako ne galibi, ana sassaƙa shi ya dace da tafin mai shi, da sharaɗin kada ya taɓa wuyan hannu. Agogo da awarwaro ma ba a sa su a hannun harbi. Sanannun masu ƙera bindigogin su ne Steyr a Ostiriya, Morini a Suwizalan, Pardini a Italiya, sai Walther da Feinwerkbau a Jamus.

Allon yana da da'ira 10. Ta tsakiya, mai maki 10, faɗinta milimita 11.5 ne, kamar maɓallin riga. A cikinta akwai wata mai milimita 5 da ake raba gardama da ita idan maki ya zo daidai. Baƙin da ido ke gani daga nesa ya faro ne daga da'ira ta 7, faɗinsa milimita 59.5. Tsakiyar allon tana tashi mita 1.40 daga ƙasa.

Yadda gasa take gudana

Ana ba maharba minti 15 na shiri da harbin gwaji, sannan minti 75 na harbi 60 idan allon na lantarki ne. Mutum takwas na sama ke shiga zagayen ƙarshe, inda ake goge makin baya kowa ya faro daga sifiri. A nan ana ƙirga maki da ɗigo har zuwa 10.9. Bayan harbi na 12 mai makin ƙasa ke fita, daga nan kuma duk bayan harbi biyu a sallami ɗaya, har a kai na 24. 'Yan kallo suna tafi suna shewa, wani lokaci da kiɗa a zauren.

Tazarar da ke tsakanin shiga da fita ƙarama ce ƙwarai. A Paris, Sarabjot Singh na Indiya da Robin Walter na Jamus duk sun samu 577. Walter ya huda ƙaramar da'irar sau 17, Singh sau 16, sai Bajamushen ya wuce, ɗan Indiyan ya tsaya a na tara.

Shirin jiki da na kayan aiki

Ba a fafe gora ranar tafiya. Makonni kafin gasa maharbi yana rage koyon sabon abu, ya koma kwaikwayon gasar kanta: harbi 60 da agogo a gaba, a daidai sa'ar da za a yi ta gaske. Idan da safe aka sa gasar alhali shi ya saba zuwa nadi, wato kulob ɗin harbi, bayan la'asar, sai ya juya lokacin barcinsa tun da wuri. Wannan yana da nauyi a biranen Hijaz, inda hira da cin abinci kan kai tsakar dare, balle a watan azumi da yawancin wasanni ke komawa bayan tarawihi.

Babban atisaye shi ne jan kunama ba harsashi, a gaban farin bango. Ido yana kan tsinin gaba, ba kan allo ba, yatsa kuma yana ƙara matsi sannu a hankali har kunama ta tashi ba tare da tsinin ya motsa ba. Yawancin maharba a ƙasan baƙin suke ajiye saiti, domin baƙin tsini ya fito sarai a kan farar takarda. Hannu ba ya tsayawa cik, ko na gwanin duniya. Abin da ake koya shi ne a bar ɗan lilon nan ya yi abinsa, a ci gaba da matsa kunama. Wanda ya tsaya jiran goma ta zo ya fizge, takwas ko bakwai zai gani. Idan riƙo ya wuce 'yan daƙiƙu ido ya fara yaji, sai a sauke hannu a sake daga farko. Sauke hannun nan shi ne abin da sabon maharbi ya fi jin nauyin yi, kuma babu dabarar da ta fi shi ceton maki.

Kunama ana ɗaure ta sama kaɗan da giram 500, saboda zafi da sanyi da jijjigar hanya na iya rage ta. Wajen gwaji ana tsayar da bindigar baki sama, a rataya ma'auni a kunamar, a ɗaga a hankali. Wanda aka zaɓa da ƙuri'a bayan gasa kuma kunamarsa ta gaza, an soke makinsa duka. Tukunyar iska, wadda ake cikawa har matsin iskarta ya kai bar 200 a ma'auni, tana da kwanan wata a jikinta, kuma ba a karɓar wadda ta haura shekara 10. Harsashi yana zuwa a gwangwani mai 500. Maharbi mai lura yana gwada rukuni daban-daban a bindigarsa, ya sayi wanda ya fi taruwa wuri ɗaya da yawa, kada ya canza shi a makon gasa. Takalmi dole ya zama wanda bai rufe idon sawu ba. Marufin idon da ba ya saiti kada faɗinsa ya wuce milimita 30.

Sai batun magani, wanda bai kamata a yi wasa da shi ba. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni, WADA, ta haramta wa maharba magungunan da ke rage bugun zuciya irin su propranolol, a lokacin gasa da wajenta. A Bejin a 2008 an ƙwace wa Kim Jong-su na Koriya ta Arewa tagullar wannan gasa da azurfar mita 50 saboda shi. Irin waɗannan magunguna likitoci na rubuta wa masu hawan jini, don haka duk mai shan magani ya nuna wa likitan hukuma tun kafin ya yi rajista, kada kuma ya daina sha da kansa. Gahawa da shayi ba haramun ba ne a dokar wasan, amma suna sa zuciya sauri da rawar hannu. Ƙin karɓar finjalin gahawa a gidan mutane abu ne mai nauyi, sai dai a safiyar gasa uzuri ne da kowa zai fahimta.

Doka da takardu

Mallakar makami da ɗaukarsa a Saudiyya suna ƙarƙashin dokar makamai da harsasai ta shekarar 1426 bayan hijira, wato 2005, kuma Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ce ke ba da lasisi. Bindigar iska ma tana cikin abin da dokar ta shafa. Mafi sauƙi ga mai farawa shi ne ya yi rajista a nadi mai lasisi ya yi amfani da bindigar wurin. Wanda zai yi tafiya da bindiga ya haɗa lasisinta, da katin shaidarsa ko iƙamarsa, wato takardar izinin zama ta baƙo, da takardar gayyata ko ta rajistar gasa, ya kuma tabbata lambar da ke jikin ƙarfen ta yi daidai da ta takarda harafi da harafi. Idan gasar a ƙetare take, kamar Doha ko Kuwaiti ko Alƙahira, wadda ta karɓi gasar duniya a 2022, masu masauki suna neman sunan bindiga da samfurinta da lambarta makonni kafin zuwa domin su fitar da izinin shiga da ita.

A kan hanya

Daga Makka zuwa Riyad kusan kilomita 870 ne a mota, daga Jidda kuma kusan 950. A jirgin sama tafiyar ba ta kai sa'a biyu ba, daga filin Sarki Abdul'aziz na Jidda zuwa na Sarki Khalid a Riyad. Kowace hanya da abin kiyayewarta.

Mai hawa jirgi yana sanar da kamfani tun lokacin yankar tikiti. Bindiga tana tafiya cikin akwati mai tauri mai kwaɗo, a ɗakin kaya, ba a hannu ba. Tukunyar iska sai an kwance ta an juye iskar tas, allurar ma'auninta ta kwanta a kan sifiri inda jami'in bincike zai gani. A wurin gasa akwai inda ake sake cikawa, amma kowane kamfani da irin mahaɗinsa, ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa tsakanin tukunya da babbar silinda. Ƙarami ne, shi ya sa ake yawan manta shi a gida, kuma in babu shi bindigar ba ta da amfani sai an samu mai irinta ya ara. Gwangwanin harsashi ana cusa masa soso a ciki a naɗe shi da tef, domin darma tana da laushi, harsashin da gindinsa ya lanƙwashe kuma ba ya tafiya daidai. Tabarau na harbi da takalmi da takardu gara su zauna a jakar hannu.

Mai tafiya a mota babban abokin gabarsa zafi ne. A lokacin bazara zafin Makka kan haura digiri 45, cikin motar da aka rufe kuwa ya fi haka nesa. Ba a barin cikakkiyar tukunya a ciki. Akwai shingayen bincike a manyan hanyoyi, saboda haka akwatin ya kasance a kulle a but, takardu kuma a kusa. Direba ya zama wani daban in da hali, don riƙe sitiyari na sa'o'i takwas ko tara yana gajiyar da kafaɗar da za ta ɗaga bindiga gobe.

Sauyin yanayi yana taɓa riƙo fiye da yadda ake zato. Jidda tana bakin teku, iskarta da laima. Riyad busasshiya ce, da sanyi mai ratsa ƙashi a hunturu. Ɗa'ifa tana kan tsauni kusan mita 1,800. Tafin hannu yana kumbura da zafi, yana motsewa a zaure mai na'urar sanyaya ɗaki, sai mariƙin da ya zauna daram a gida ya koma sako-sako. Saboda haka ake tafiya da 'yan sukundireba da makullan daidaita maɗaurin tafin. Isa da kwana ɗaya ko biyu kafin gasa yana ba jiki damar sabawa, a ci abin da aka saba ci, a bar kabsa, dafa-dukan shinkafa da nama mai nauyi, sai an gama.

A zauren gasa

Ranar jajibiri akwai atisayen hukuma, inda kowa ke tsayawa a layin da aka ba shi. Nan ake gane hasken zauren, wanda ke iya karkatar da taruwar harsashi sama ko gefe, a gyara da 'yan murɗe-murɗen saiti. Nan kuma ake duba lokacin salla da na kiran layi, a yi alwala da wuri.

Dokar tsaro ba ta da sassauci. Duk lokacin da ba a harbi, ana zura zare mai launi ya ratsa bututun bindiga daga baya har baki, kowa ya ga babu harsashi a ciki. Baki kullum yana kallon allo. Ba a ɗora harsashi sai alƙali ya ba da umarni, kuma wanda ya saki iska ba harsashi bayan an fara ƙirga maki an rubuta masa sifiri a harbi ɗaya. Musulmi ya riga ya san hanin da ya zo a hadisi na nuna ɗan'uwa da makami, ko da wasa, kuma abin da dokar zaure ke nema ke nan.

Bayan harbi na ƙarshe maharbi yana zura zaren, ya jira alƙali ya duba kafin ya rufe akwati. Idan an kafe sakamakon wucin gadi, minti 10 ake bayarwa ga mai ƙorafi. Daga nan sai a wanke hannu da sabulu sosai kafin a taɓa abinci, domin darma guba ce kuma tana maƙalewa a yatsu. Mai komawa ta jirgi zai sake juye tukunyarsa, ya kuma nuna takardun da ya shigo da su, saboda a filin jirgi ana duba cewa bindigar da ta shigo ita ce take fita.