IFPMA da kyautar kamfanonin magunguna: amsoshin da muke ta maimaitawa

IFPMA ce ke yi wa magani rajista?

A'a. Ƙungiyar kamfanonin haɗa magunguna ce ta duniya, an kafa ta a 1968, ofishinta na Geneva. Muradun mambobinta take karewa. Rajista aikin hukuma ne, a Najeriya NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna.

Wakilin kamfani ya ce za su ɗauki nauyina zuwa taron likitoci a ƙasar waje. In karɓa?

Ya danganta, likita, kada ka yi saurin miƙa fasfo. Ƙa'idar IFPMA ta yarda kamfani ya biya kuɗin jirgi, masauki, abinci da rajistar taro, muddin taron na ilimi ne kuma ya shafi fanninka. Iyakarta ke nan. Ba a biya wa maiɗakinka ko 'ya'yanka, ba a ba ka ambulan don lokacin da ka ɓata, ba a haɗawa da yawon buɗe ido. In kuwa aka ce sai ka riƙa rubuta wa marasa lafiya maganinsu, to an fita daga ƙa'ida gaba ɗaya.

Sai dai mambobi kawai ƙa'idar ta ɗaure, kuma kamfanoni da yawa da wakilansu ke zagaya asibitoci ba sa ciki. Ko da na ciki ne, dokar ƙasarka ko ta asibitinku na iya fin ta tsanani, ita za ka bi. Ka nemi gayyata a rubuce, da jadawalin taron, da jerin abin da za a biya, ka kai wa shugaban sashenka. Wakilin da ya ƙi rubutawa, ka rabu da shi.

Biro da kalanda masu sunan magani fa?

Ƙa'idar IFPMA ta hana mambobinta rabawa tun 1 ga Janairun 2019, in maganin da sai da takardar likita ne. Har yanzu ana tambaya!

Kamfani mamba ne, ashe maganinsa na da inganci?

Wa ya faɗa maka? Duba lambar NAFDAC, lambar rukuni da ranar lalacewa.

Masana'antarmu ƙarama ce, ba ma ciki. Za a hana mu fitar da kaya?

Kwantar da hankalinka. Masu saye takardar ingancin masana'anta da rajistar ƙasarsu suke nema. Manyan masu ba da tallafi kuma sukan nemi tantancewar Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda aka fara a 2001.